Shugaban da Ke Fara Sauka Rijiya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Garba makwancinsa a Ƙaura Namoda. Har yau in na ga ana jan igiya a bakin sabuwar rijiya sai na rage tafiya.

Shi ya tara maginan rijiya na yankinmu, daga Ƙaura har Zurmi da Shinkafi, ya ce su zama ƙungiya. Kafin nan kowa kansa ya sani, ko rijiya ta rufta da mutum ba a san wa za a kira ba. Ni malamin firamare ne, ban taɓa riƙe diga ba, shi ya sa aka miƙa mini alƙalami. Yaya yakan nuna ni ga baƙi ya ce ga sakatarensu nan, wanda ko leƙa rijiya ya yi sai an riƙe masa riga.

Dokokin ba su da yawa. Ba a sauka sai an zura fitila an ga ba ta mutu ba. Ba a watsewa salla gaba ɗaya a bar mutum a ƙasa. Sai babbar: duk rani, shugaba ne ke fara sauka rijiyar farko da aka kira ƙungiya ta yashe, ranar da ya kasa kuwa ya bar kujera.

Shekarar da gwiwoyinsa suka fara ba shi kunya, tsoro ya kama ni. Matarsa ta rasu, ƙungiyar nan ita ta rage masa, na ga in aka raba shi da ita zaman gida zai ƙarasa shi. Na bi dattawan ɗaya bayan ɗaya har suka yarda, na rubuta gyara cewa wanda ya kafa ƙungiya doka ba ta hau kansa ba. A Gurbin Bore, a bakin rijiyar farko ta ranin nan, na karanta wa jama'a da muryata ta aji.

Yaya ya matso bakin rijiyar. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya zura ƙafa ɗaya, ya daɗe yana duban ƙasa, sannan ya janye ta ya kwance igiyar.

"Malam, naɗe takardarka," in ji shi. "Ba don wasu munka kahwa dokag ga ba. Wanda bai iya sauka, da wane baki zai ce ma ɗan wani shi sauka?"

Ya miƙa igiyar ga Ɗan Ali, wani magini daga Dauran, alhali ɗan Yaya na cikinsa yana tsaye a wurin. Mako guda ban yi masa magana ba, don haushi. Ashe ni ne ban san yayana ba. Shekara huɗu ya ƙara a duniya yana tufkar igiya a ƙofar gida, yana tsokanar duk maginin da ya gifta, har ƙiba ya yi.

Da zai leƙo yau, rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana za su faranta masa, don ruwa yake so mutane su samu, ba suna ba. Zai yi dariyar hatimi da rigunan ƙungiya da muke taƙama da su. Samarin da suka koma ramukan zinariya kuwa, na san abin da zai tambaye su: a cikinsu wa ke fara sauka, mai ramin ko ɗan talaka?

Bara Ɗan Ali, furfura ta rufe shi, ya ɗaura igiya a wata rijiya a Zurmi, ya duba ƙasa, ya kwance da hannunsa. Raina ya yi fari ƙwarai. Wani ya matso ya tambaye ni ko a ɗauko tsohuwar takardar gyaran nan, na ce masa ta ɓace. Allah ya jiƙan Yaya, ni kuma ya yafe mini, tana cikin akwatina.