Guntun Loko daga Kurmin Anacha

Ina zaure ina dakan sassaƙen maɗaci wani direban lori ya yi sallama. Daga Fatakwal yake, zuwansa na farko tun da yaƙi ya ƙare aka buɗe hanya. Bai taɓa ruwan da na miƙa masa ba sai da ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce ya haɗu da wani tsohon mahauci a can, wanda ya tabbatar masa ɗan farinmu ya rasu tun shekarar da 'yan Arewa suka gudo daga kudu. An sauke su daga mota a mahaɗar Rumuokoro, su da yawa, ba wanda ya koma cikinta.

Shekara huɗu muna jiran labarinsa. Na shiga cikin gida na gaya wa maiɗakina. Tana tankaɗe. Ta ce, "Allah ya jiƙan Musulmi," ta ci gaba da tankaɗenta.

Mu mutanen dā ne. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Tun ranar suna ban taɓa jin ta ambace shi ba, ni ma ban taɓa ba. "Wannan yaron" take cewa. Da mata suka zo gaisuwa ita ce mai shimfiɗa musu tabarma, kamar ɗan maƙwabta aka rasa. Aka yi ta yabon haƙurinta. Ni kuwa ina ganin tuwonta yana komawa yadda aka zuba shi, zanenta yana ƙara zagaye ta. Sana'ata maganin gargajiya, na gwada duk abin da na sani. Aka yi rubutu ta sha. Kukan da ta haɗiye shi ke cin ta, kuma ba ni da maganinsa.

Sai na tuna da Okoro, maƙwabcinmu a Inugu, mai magani irina amma na Ibo. Yana da wani irin naman kaza da ke fitowa jikin mataccen itacen loko a cikin kurmi, ba kowace shekara ba. Ya kan ajiye gungumen a bayan gidansa ƙarƙashin ayaba, yana lallaɓa shi kamar jariri. Na taɓa ganin ya ba wata mata da mijinta ya mutu a ramin kwal ta daina magana. Ta yi dariya, ta yi hira da wanda ba ma gani, daga nan ta fashe da kuka har yamma. Bayan sati na gan ta a kasuwa tana faɗa da mai kifi.

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wasu fataken albasa biyu, a saman kayan lori. Ban gaya mata abin da zan nemo ba. Na ce zan je in ga wurin da yaron ya rasu. Har Jos da Lafiya hanya ba laifi, sai dai shingayen soja. A gadar Makurɗi wani kofur ya zazzage jakata yana muzurai, da ya ga ƙullin magani sai ya rage murya ya tambaye ni ko akwai na basir. Na ba shi. Ya sa aka ɗaga mana shinge kafin motocin da suka riga mu.

Daga Otukpo zuwa kudu hira ta mutu a saman lorin. Gidaje ba rufi. Ƙonannun motoci a gefen hanya, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Yara masu tallar gyaɗa suna ƙunsa ta a takardun kuɗin Biyafara, waɗanda yanzu ba sa sayen komai. Dafaffen ƙwai ɗaya sule guda, abin da dā kwabo biyu ya ishe shi. Wata tsohuwa ta ƙi karɓar kuɗinmu, ta nuna ƙullin gishirin da ke hannun abokin tafiyata, ta ba mu doya biyu a madadinsa.

Unguwarmu ta Ogui a Inugu tana nan, amma ta ƙanƙance a idona. Shekara goma sha na yi a can. Da yamma masu haƙar kwal kan biyo ta gaban rumfata baƙi ƙirin, idanu kawai ke haske, su sayi maganin ciwon baya suna tsokanata wai Hausata ta fi maganina ɗaci. Ranar Babbar Sallah mu aika musu nama, lokacin sabuwar doya su aiko mana. Yarana sun fi ni jin Ibo nesa ba kusa ba. Yanzu wasu mutane ne a gidanmu. Matar gidan ta fito tana goge hannu a zane, ta tsaya tana kallona da tsoro, ta zaci gidan na zo karɓa. Na ce mata ruwa kawai nake so. Gidan Okoro kuwa bango biyu ya rage, ayabar ta cinye tsakar gida.

A masallaci na tarar da liman, shi ma bai daɗe da dawowa ba. Sahu ɗaya bai cika ba. Bayan la'asar na gaya masa abin da ya kawo ni, ban ɓoye komai ba.

Ya ce, "Abin yana gusar da hankali?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, na ɗan lokaci."

"To ka san hukuncinsa kafin ka baro Kano." Ya ja carbinsa. "Ni dai ban ce ka je ba. Amma wani kafinta a unguwar Uwani ya ce Okoro garin matarsa ya gudu, wajen Anacha. Motar Anacha kuma da sassafe take tashi."

Anacha ta fi Inugu shan wuya. Babbar kasuwar da mutum kan ɓata a cikinta ta zama ƙarafa a tsaye. An karya bakin gada, mutane sai kwale-kwale. Amma ciniki bai mutu ba, kowa ya kafa tebur a kan toka. A unguwar Hausawa 'yan goro ƙalilan ne suka dawo, su suka ba ni tabarma. Na yi ta zagaye ina tambaya har na same ta a layin masu manja, matar Okoro, wadda muke kira Mama Ngozi. Ni ban gane ta ba. Ita ta ƙwala mini kira.

"Malam mai ɗaci! Kai ne ko fatalwarka?"

Ta ce Okoro ya mutu a shekara ta biyu ta yaƙi, ƙafafunsa suka kumbura. 'Ya'yanta uku sun bi shi. Ta faɗa kamar mai lissafa kayan miya. Sannan ta tambayi maiɗakina, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta zo kan babban ta kira sunansa gatsau, yadda ta saba tun yana zuwa cin akpu, tuwon rogonsu, a gidanta. Na gaya mata. Ta zauna a ƙasa cikin taɓo, ta ɗora hannu a ka, ta yi ta kuka tana kiran sunan. Masu sayen manja suka tsaya. Ni ina tsaye riƙe da jakata. Ita ce mutum ta farko da ta yi masa kuka.

Washegari ta bar wa ƙanwarta tebur muka shiga motar ƙauye, daga nan muka taka. Kurmin kudu ba dajinmu ba ne. Rana ba ta isa ƙasa, ko'ina ɗiga yake, ƙasa tana warin ruɓaɓɓen ganye. Takalmina ya maƙale a laka sau da yawa har ta ce in cire in rataya a wuya, tunda dai ba shi ke ɗauke da ni ba. Ta ce lokacin yunwa mutane sun tsince kurmin nan tas, ɓera, ƙadangare, naman kaza kowane iri. Gida guda sun kwana ba su tashi ba saboda sun ci wanda ba a ci. Shi ya sa ba zan bayyana kamannin wanda muka je nema ba, yana da ɗan'uwa mai kama da shi sak, wanda ke kisa.

Mun duba matattun itatuwa da yawa ba komai. Ranar farko muka koma hannu banza. A ta biyu, gab da za mu juya, ta tsaya a gindin wani loko da ya faɗi ya gitta rafi, ta durƙusa, ta ɗaga ganye da bakin adda. Ga su nan 'yan ƙanana a manne da juna. Na kai hannu ta buge shi.

"Ina za ka kai shi? Kafin ka kai Makurɗi ya zama ruwa."

Na ce sai in shanya.

"Ka san nawa ake bayarwa? Ni ma ban sani sosai ba. Okoro ba ya ba mutum ya tafi, zama yake da shi har ya dawo." Ta share gumi da bayan hannu. "Na ci sau ɗaya, Malam, bayan na binne na ukun. Na gan su. Suna wasa a tsakar gidanmu na Ogui, da ƙibarsu. Da abin ya sake ni, ga ni ga tabarma. Ban sake ci ba."

Na ce mata ni ba so nake maiɗakina ta ga yaron ba. So nake ta yi kuka ta ci abinci.

Ta miƙe da addarta. Sannan ta sari guntun itacen, kamar tsawon damtse, ta naɗe shi a ganyen ayaba ta ɗaure. Ta ce in bar shi yadda yake, in ajiye a inuwa mai sanyi. Idan ya fito kada in taɓa, in aiko mata, za ta hau mota ta zo Kano ta zauna da ƙawarta.

Daga Anacha na bi ta Oweri zuwa Fatakwal, ruwan sama bai ɗauke ba ko sau ɗaya. Na sami tsohon mahaucin a bayan mayanka, ido ɗaya ya rage masa. Na ce ni ne uban yaron da ya ba da labarinsa. Ya ce, "Wanne daga ciki? Da yawa na ba da labarinsu." Na ce dogo ne, yana dako a bakin jirgin ruwa. Ya ce duk dogaye ne, duk 'yan dako ne. Ba yadda zan yi. Na faɗi sunan. Ya fito mini a baki kamar kalmar wani yare. Tsohon ya ce bai ji ba, kunnensa ya yi nauyi. Na sake faɗa da ƙarfi.

Masu haya da keke suka kai mu Rumuokoro, ni da tsohon. Mahaɗa ce kawai, da 'yan rumfuna da masu sayar da gasasshiyar ayaba. Wani manomi da ke cikin waɗanda suka haƙa ramin da aka binne su a lokacin ya kai mu gefen wata gonar rogo. Ya nuna da hannu daga nan zuwa can. Ya ce bai iya rantsewa ba, ciyawa ta canza wurin. Na fuskanci gabas na yi addu'a ga duk wanda ke kwance a nan. Manomin ya cire hularsa ya tsaya har na shafa.

A hanyar dawowa, wajen Lafiya, rana ta fito. Na kwance ganyen ayabar don in duba, sai na ga farar fumfuna ta lulluɓe itacen, yana warin damshi. A sana'armu fumfuna ita ce mutuwar magani. Saiwa, sassaƙe, ganye, duk shanya su ake yi. Hannuna bai yi shawara da ni ba. Na ciro wuƙa na kankare shi tas, na ɗora a kan tamfol ya sha rana har Jos. A can wata 'yar Ibo da ke komawa Sabon Gari neman shagonta ta tambaye ni itacen mene ne. Da na gaya mata ta riƙe baki.

"Malam, wannan farin ai shi ne abin! Ka yanka kaza kana jiran ƙwai."

Na iso gida da la'asar. Na ba maiɗakina labarin Ogui, da liman, da gonar rogo. Na gaya mata Mama Ngozi ta zauna a taɓo ta yi kuka. A nan ne kawai hannunta ya tsaya a kan tsintsiya. Ta ce, "Ta rame?" Na ce ta rame. Ta ga itacen ta tambaya, na ce daga ƙasar da yake kwance na ɗauko. Ban ƙara komai ba.

Abin da na gano a tafiyar nan kaɗan ne. Can sun binne nasu, nan mun rasa namu, kuma masu yi wa ɗanka kuka ba lalle su zama masu yarenka ba. Na kuma gane kunyar da muka gada tana da nauyin da ban taɓa aunawa ba sai da na faɗi sunan nan da bakina.

Na ajiye guntun lokon a bayan randa, inda ƙasa ba ta bushewa, na rufa masa jiƙaƙƙen buhu, ko da sauran rai a cikinsa. Kwanan nan na lura buhun kan kasance a jiƙe kafin in zo, ba kuwa ni na jiƙa ba. Maiɗakina tana ɗan shan kunu yanzu. Itacen bai fitar da komai ba, ban aika wa Mama Ngozi ba, maiɗakin nawa kuma har yau ba ta yi kukan ba.