Kwalaben Ɗana Da Na Juye A Tandu Ɗaya

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, maƙwabciyata ce take rubuta abin da nake faɗa. A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, ina zaune a Jibiya ina sana'ar kwalli. In saro, in niƙa, in ɗura a tandaye, in kai Maraɗi. Malam, mijina, bai daɗe da rasuwa ba, ya bar ni da ɗa namiji guda. Abin da nake taƙama da shi a lokacin shi ne iya shirya kaya. Duk macen da ke tsallaka iyaka ta san ma'aikatan kwastan yawan ƙulli suke dubawa. Ƙulli goma haja ce, sai an sauke an kwance, ƙulli ɗaya kuwa guzuri ne, a ce miki wuce.

Ɗan nawa yana jami'a, yana karatun haɗa sinadarai. Gwamnati ta ba shi gurbin zuwa Turai ya ƙarasa bincikensa, sai ya zo ya yi mini sallama. A cikin akwatinsa akwai 'yan kwalabe goma sha biyu, kowace da baƙin gari kaɗan a ƙasanta da 'yar takarda manne. Ya zaunar da ni ya ce garin wani ƙarfe ne mai tsada da ake sawa a matatar mai, yana sa ɗanyen mai ya juye da sauri, kamar yadda 'yar kanwa ke sa wake ya nuna da wuri. Ya ce ƙwayoyin kowace kwalba girmansu daban, siffarsu daban, ido ba ya gani, kuma shekara biyu ya yi yana dafawa yana sanyayawa kafin ya samu kowace yadda yake so. A can akwai na'urar da za ta nuna masa su, ya san wane girma ya fi aiki. Na yi dariya na ce ashe kwalli aka tura shi koyo, ai da ya zauna na koya masa kyauta. Ya yi murmushi ya ce Inna ba ki ji ba. Gaskiya ya faɗa, ban ji ba, hankalina yana kan dambun naman da zan yi masa.

Ana gobe zai tafi, ya fita sallama da dangin ubansa a Daddara. Na dubi kwalaben nan na ce a raina kwastan ɗin jirgi ba za su bar su ba. Na ɗauko tanduna mafi kyau, na juye su duka a ciki, na girgiza don ya zauna, na ɗinke shi a cikin matashin kai, na sa a akwatin. Kwalaben kuwa na wanke, na sa turare. Da ya dawo na kulle akwatin na ba shi mabuɗi, na ce kada ya buɗe sai ya sauka, akwai dabarar da na yi masa.

Bayan shekara ɗaya da wani abu ya dawo ba takardar da ya je nema. Ya ce sanyi ne bai karɓe shi ba. Ya kama koyarwa a sakandare, a nan ya ƙare aikinsa, abokansa kuwa suka shiga matatar mai. Ni kuma duk taron biki sai na ba da labarin yadda na wuce da kayan ɗana ta gaban kwastan ɗin Turawa. Yana zaune yana ji, sai ya ce ai Inna babu kamarki a shirya kaya.

Bara Allah ya yi masa rasuwa. Bayan arba'in matarsa ta kawo mini tandun nan, cike yadda na ɗura shi. Ita ta gaya mini cewa garin da aka gauraya ba ya rabuwa, ya yi ƙoƙarin sake sabo a can amma wa'adin da gwamnati ta ba shi ya cika, kuma ya sa ta yi alkawarin ba zan ji ba yana raye. Tun ranar ban yi sallah babu hawaye ba. Na binne miji na yi haƙuri, wannan kuwa ya fi ƙarfina, domin ban samu na ce masa ya yafe mini ba.

'Yan'uwana iyaye, idan ɗanku ya zauna yana yi muku bayanin aikinsa, ku ajiye abin da ke hannunku ku saurara. Ƙauna ba ta zama sani. Abin da kuka gani iri ɗaya, mai shi ya san bambancinsa, ku tambaye shi kafin ku taɓa. Wanda ya karanta wannan, ya yi wa ɗana addu'a. Shekara arba'in da wani abu yana gaishe ni kowace safiya, bai taɓa sauya mini fuska ba.