Inna Yakaka, Wadda Ta Tsaya Tsakanin 'Ya'yanta

Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma. A ranar Laraba, sha bakwai ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Yakaka, matar marigayi Malam Muhammad Auwal, shugabar matan ƙauyenmu na Tsamiyar Jaji a ƙasar Makoda. Ta cika a wani asibiti a birnin Kano, aka kawo ta gida, aka yi mata sutura bayan la'asar. Ta bar 'ya'ya maza biyu, Abdurra'uf da Ikrima, da jikoki. Ni mai wannan rubutu, Halimatu Sadiya, matar babban ɗanta ce. Surukata ce, amma tun da na shigo gidanta ban kira ta da wani suna ba sai Inna. Da shi zan kira ki yau ma.

Inna, da aka kawo ni gidanki daga Ɗanbatta, ban iya tuƙa tuwon mutane da yawa ba. Tuwona na farko duk gudaji ne, ƙasan tukunya kuma ya kama. Na shige ɗaki ina kuka. Ke kika kwashe shi, kika kai wa maza da hannunki, na ji kina cewa ke ce kika cika wuta. Washegari kika zauna kusa da murhu kina ɓarar gyaɗa kamar ba ruwanki da ni, kina yi mini nuni da ido in lokacin zuba gari ya yi. Ba ki taɓa tayar da zancen ba har kika bar duniya.

Kakanki daga Barno ya zo da fataucin kanwa, ya ga ƙasar noma ya zauna. Abin da ya rage miki na can shi ne haɗa humra da turaren wuta, da tsokanar Fulanin da ke kawo nono, kina ce musu bayinki suna ce miki baiwarsu. Sana'arki kuwa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Lokacin da mijin Fadima maƙwabciyarmu ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, ba sadaka kika ba ta ba. Kin zaunar da ita gaban turmi kin koya mata matsar mai, sannan kika riƙa ce wa masu sayenki naki ya ƙare, su leƙa gidan Fadima, alhali jarkoki na cike a ɗakinki. In damina ta yi tsakiya rumbuna sun yi ƙasa, kin san gidan da ba a ga hayaƙi ba, kuma kafin azahar kwanon gero ya isa can a ƙarƙashin mayafinki.

Mutane da yawa sun san ki da siyasa, amma kaɗan ne suka san abin da ya kai ki. 'Yarki Khairat ce. Naƙuda ta kama ta a cikin watan Agusta, rafin da ke tsakaninmu da titi ya kawo, mota ta tsaya a wancan ƙetaren, mu muna wannan. A bakin rafin ta cika, da abin da ke cikinta. Bayan an yi arba'in kika ce ba za ki mutu ba sai kin ga gada a wurin, in Allah Ya yarda. Da Alhaji Abdulkabir, wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, ya fito takarar majalisar jiha, ya zo har tsakar gidanmu, ya cire takalmi ya zauna a tabarmarki, ya ce gadar nan ita ce aikinsa na farko. Kika ba shi amanarki, kika ba shi ta matan gari.

Kin shiga kowane gida. Matan da ba sa fita sai da dalili, ke suke saurare. Kina tafe da ƙullin shuni, ki shafa wa mace a babban yatsa, ki nuna mata alamar jam'iyya, ki sa ta dangwala a bayan ƙwarya har hannunta ya saba. Alhaji ya ci. Aka kawo rodi da duwatsu, aka tayar da ginshiƙai biyu a cikin rafi, aiki ya tsaya. Mutane suka yi ta magana, ke kika ce wanda ya fara a bar shi ya ƙarasa.

Sai wannan kakar zaɓe ta zo. Alhaji ya faɗi zaɓen fidda gwani, ya sauya sheƙa zuwa wata sabuwar jam'iyya. Kika sake ɗaukar shuninki, kina bin gidaje kina cewa alamar da kika koya musu shekara da shekaru su manta da ita, ga wata. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi gunaguni, amma suka bi ki. 'Ya'yanki ma suka bi. Abdurra'uf ya zama sakataren sabuwar jam'iyyar a mazaɓa, ya ɓata da abokansa na ƙuruciya a kan haka. Ikrima kuwa dama shi ne direban motar hatsin Alhaji, da ita yake ciyar da iyalinsa.

Ana saura ƙasa da wata guda a yi zaɓe, kina gaban kasko kina tuyar ƙuli, rediyo na gefenki, aka sanar cewa Alhaji Abdulkabir ya janye takararsa, ya koma tsohuwar jam'iyyarsa, kuma yana umartar magoya bayansa su zaɓi mutumin da ya kayar da shi. Wannan mutumin shi ne wanda Alhaji ya tsaya a dandalin garinmu ya kira ɓarawo, mu muna tafi. Bai aiko miki ba, bai kira ki ba. Ina tsaye ina kallonki, matsami a hannunki, ƙuli yana ƙonewa a cikin mai ba ki motsa ba. Ni na janye itacen.

Daga ranar gidanmu ya rabu biyu. Ikrima ya ce shi ba shi da zaɓi, inda ubangidansa ya juya nan zai juya, in ba haka ba a karɓe makullin mota. Abdurra'uf ya ce shi ba akuya ba ne da za a ja shi kasuwa a dawo da shi. Suka yi musayar maganganun da ba zan rubuta ba. Ikrima ya daina shigowa gaishe ki sai ya tabbatar yayansa ya fita. Ba gidanmu kaɗai ba, haka garin ya koma. An fasa zaman majalisar da ake yi a gindin tsamiya bayan la'asar. Akwai waɗanda suka canja masallaci.

Mata suka fara zuwa wurinki, ɗaya bayan ɗaya, daga baya a ƙungiya. Fadima ce ta faɗi abin da ke bakinsu.

"Inna Yakaka, wanne za mu dangwala? Ɗana ya ce wannan, surukina ya ce wancan, ke kuma kin koya mana guda biyu."

Kika ce, "Wallahi Fadima ban sani ba. Sau biyu ina ɗaukar ku ina kai wa mutum, ashe shi bai san da ku ba. Wannan karon ba zan shiga gidan kowa ba. Kowacce ta duba wanda take ganin zai ji tsoron Allah, ta zaɓa, ta roƙi Allah Ya sa ba ta yi kuskure ba."

Suka tashi jiki a sanyaye. Sun zo neman amsa, sun tarar da ke ma nema kike.

Alhaji ya aiko da atamfofi da kwalayen taliya da sabulu, wai a raba wa mata ta hannunki kamar yadda aka saba. Kika sa aka loda su a amalanke da rana tsaka, aka mayar ofishin jam'iyya, kowa yana gani. 'Yan sabuwar jam'iyya suka ɗauka ke tasu ce, suka zo da nasu kayan. Kika ba su ruwa suka sha, kika ce su koma da abinsu. Cikin mako guda kowane ɓangare ya ce ɗayan ya saye ki. Matan da kika karɓi haihuwarsu suka daina aiko sayen mai. Wata ta wuce ki a bakin rijiya ba gaisuwa. Ba ki yi ƙorafi ba, amma ni da nake zuba miki abinci na san yadda kwanon yake dawowa. Kin rame a 'yan kwanakin nan fiye da yadda kika rame a takabar Malam.

Ranar Lahadi muka fito tare, ina riƙe miki jarka ɗaya kina riƙe da ɗaya, muna jiran motar Ɗanbatta a mararraba. Tawagar kamfen ɗin tsohuwar jam'iyya ta fito daga gabas, ta sabuwar ta fito daga yamma, kowacce da lasifika tana waƙar zagin ɗayar. Hanya ɗaya ce, babu mai niyyar kaucewa. Wani ya yage fosta daga jikin mota. Kafin a ce me, duwatsun da aka tara a gefen titi sun fara tashi sama. Masu shayi da masu rake suka watse. Na kama hannunki in ja ki bayan shago, sai na ga inda idonki yake. Ikrima yana tsaye a bayan akori-kura a wannan ɓangare, Abdurra'uf yana cikin masu babura a wancan.

Kika ajiye jarkar a hankali, kika zare hannunki daga nawa. Kika taka zuwa tsakiyar titi, kika ɗaga mayafinki sama kina cewa, "Ku bari! Don Allah ku bari, ku 'yan gari ɗaya ne!" Lasifika ta danne muryarki. Dutsen ya same ki a saman kunne. Na ga kin durƙusa kamar za ki ɗauki wani abu a ƙasa, sannan kika kife.

Wani ya yi ihu, "Inna Yakaka ce!" Jifa ta tsaya. 'Ya'yanki suka iso kanki tare, ɗaya ta kai ɗaya ta ƙafa, suka sa ki a bayan akori-kurar nan mai ɗauke da hotunan 'yan takara. A Ɗanbatta aka ce jini ya taru a cikin kai, sai Kano.

Kin farfaɗo ranar Talata da yamma. Su biyun suna tsaye, gado a tsakaninsu. Kowa ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Shekarun da na yi a gidanki, "wancan" kike ce masa, ko "mijinki" in da ni kike magana. A ranar kika juya kai da ƙyar, kika ce, "Abdurra'uf." Mijina ya zube a kan gwiwoyinsa. Kika ce, "Kada wanda ya binciki hannun da ya jefa. Na yafe masa, ko wane ne. Ka riƙe ƙaninka." Kika dubi Ikrima kika ce ya je ya ci abinci, kin ga leɓensa ya bushe. Ni kuma kika ce in raba gyaɗar da kika soya tsakanina da Fadima, kada ta yi sanyi ta lalace. Bayan haka sai kalmar shahada, har kika daina magana.

Ranar jana'iza motocin ɓangarorin biyu suka cika ƙofar gida, kowanne yana gaya wa 'yan jarida cewa ke tasu ce, 'yan dabar ɗayan suka kashe ki. Liman Malam Abdussalam ya ce ba zai tayar da salla ba sai an janye duk motar da ke da hoton ɗan takara zuwa bayan gari. Aka janye. Alhaji Abdulkabir ya zo ranar sadakar uku, ya yi kuka a zaure. Abin da ke zuciyarsa, Allah ne masani.

Akwai abin da mijina ya ce in rubuta, kada in ɓoye. A ranar nan shi ma ya yi jifa. Ikrima ma ya yi. Sun gaya wa juna bayan an dawo daga maƙabarta. Babu wanda ya san ta ina dutsen ya fito, kuma ba za a taɓa sani ba. Yanzu suna zaune a tabarma ɗaya suna karɓar gaisuwa, kafaɗa da kafaɗa, kowanne idonsa a kan tafin hannunsa. Ina roƙon duk wanda zai fita kamfen a 'yan kwanakin da suka rage, ya zo ya dube su kafin ya sunkuya ya ɗauki dutse.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarka Yakaka. Ka karɓi yafiyar da ta yi, Ka yafe mata kurakuranta kamar yadda ta yafe jininta. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙannenta da ke Makoda da Dawanau, ga jikokinta, ga matan Tsamiyar Jaji, waɗanda suka tsaya da ita da waɗanda suka juya mata baya. Ba ta tafi da kowa a ranta ba. Abdurra'uf, Ikrima, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sauƙaƙa muku abin da kuke ɗauke da shi, Ya ba ku ikon cika wasiyyarta. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.