Tauraron da Ya Kai Mu Zariya

Ana sallame sallar asuba muka bar Madabo, ni da baffana, ran Talatar da ta wuce. A kasuwar Kurmi ko rumfa ɗaya ba a buɗe ba. Muka fita ta Ƙofar Mata zuwa tashar jirgin ƙasa.

Ga dalilin tafiyar. Na samu gurbin karatun kimiyya a Zariya, Baffa kuwa, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya ce ba zan je ba sai ya ga malamin da zai koyar da ni da idonsa. Shi masanin taurari ne irin na zaure, kuma ya ji an ce 'yan boko ba abin da ba sa da'awar sani.

Jirgin ya cika maƙil, har da kaji a ƙarƙashin benci. A Madobi muka sayi dafaffen rogo na kwabo. Baffa ya ce gara na Kano. Haka ya ce da raken Zariya ma, amma sai da ya shanye sanda guda.

Bayan la'asar muka samu malamin, wani Bature mai jin Hausa. Da ya ji sana'ar Baffa, sai ya jera mana hotunan sama da aka aiko masa daga ƙasarsu. Ya nuna wani ɗigo fari, ya ce tauraro ne mai nisan gaske da ya fashe. Haskensa ya tashi, sannan ya tsaya cak, kusan wata uku ba ya ƙaruwa ba ya raguwa sosai, daga baya ya dusashe.

Baffa ya daɗe yana duba hotunan. Ya ce, "Abin da ya riga ya fashe, me ya riƙe haskensa?"

Baturen ya ce, "Malam, ba mu sani ba tukuna. Ana nema."

Muka kwana, washegari muka hau jirgin dawowa. Sai da dutsen Dala ya bayyana sannan Baffa ya ce, "Mutumin da zai ce bai sani ba a gaban ɗalibinsa, zan iya ba shi ɗana. Ka shirya kayanka."

Na tafi da hujjoji cike da baki don in shawo kansa, ko ɗaya ban yi amfani da ita ba. Wata mai zuwa zan koma Zariya, ni kaɗai.