Shekarar da Mama ta kai allo fadama

Litinin ce, makon farko da dawowa daga hutun damina, ina aji uku. Mama ta buga ƙararrawa, wato wani tsohon ƙarfen garma da ke rataye a jikin darbejiya, ta buga har hannunta ya gaji, amma mu huɗu kacal muka yi layi: ni, ƙanena, da 'ya'yan fasto biyu. Makarantar cocinmu ce ta Lutheran, ɗaki biyu na laka a wani ƙauye bayan Kirikasamma. Mama, mahaifiyata, ita ce shugaba, ita ce malamar lissafi, ita ce mai duba mana farce. Yawancin ɗalibanta 'ya'yan Musulmin garin ne, don makarantar gwamnati sai an haye ruwa. To a ranar ne dattijon da ke duba makarantun coci ya iso daga Haɗeja a kan babur. Ya leƙa aji, ya ƙirga mu da ido, ya ce in ya dawo nan da mako biyu ya tarar da benci babu kowa, zai rufe makarantar, a mai da Mama gari.

Ba boko yaran suka ƙi ba fa. Shinkafa ce ta fitar da kai, jan-baki kuma ya sauko. Tsuntsun nan in ya taso kamar hayaƙi yake, in ya sauka a gona kafin ka juya ya bar maka kara. Kowane yaro yana fadama tun da asuba, a saman rumfa, yana jan igiya mai gwangwanaye, yana jifa da majajjawa, yana ihu har muryarsa ta dishe. Mama ta je ta sami Malam Bukar mai unguwa, baban ƙawata Falmata. Ya ce, "Malama, sai haƙuri. Tsuntsu bai san ƙarfe takwas ba." Ta dawo gida. Washegari ta ciro allo daga bango, ta yi gammo ta ɗora a ka, ta miƙo min alli da rajista, muka nufi fadama. Fasto ya biyo mu yana cewa za a yi mana dariya. Ta ce, "Su yi, ai haƙoransu ne."

Ta jingine allon a gindin giginya, tsakiyar gonaki. Tunda dole a yi ihu, in ji ta, to a yi mai amfani. Ta ɗaga murya, "Bakwai sau shida!" Daga rumfa zuwa rumfa sai ka ji an amsa, "Arba'in da biyu!", gwangwanaye na kaɗawa, tsuntsu na watsewa. Da rana ta take mu sauko mu yi rubutu a kan laka da tsinke, mu ci ɗanwake, mu kama tarwaɗa a kududdufi.

Da dattijon ya dawo, ajin wayam, ko mu huɗun babu. Da kwaɗon kulle ƙofa ya zo. Ihunmu ya biyo har fadama, wandonsa duk taɓo. Ya ce wannan ba makaranta ba ce. Mama ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa rajista ta ce, "Baba, kira suna." Ya fara a hankali, sai ya ga dole ya buɗe maƙogwaro. Kowane suna sai da aka amsa shi, wani daga nan kusa, wani daga can bakin ciyawar kachala. Malam Bukar na tsaye da fartanya a kafaɗa, ya ce, "Ɗakin naku ne, ka kulle in kana so. Malama dai tamu ce." Dattijon ya rufe rajista, ya nemi ruwan wanke ƙafa, ya tafi da kwaɗonsa.

Yanzu ina Kano, ina rubuta wannan a cikin adaidaita, Mama kuma ta yi ritaya, gwiwa ta hana ta doguwar tafiya. A ofis in na faɗi inda na yi firamare sai a yi murmushi, a ce ayya, makarantar ƙauye. Ba na musu da kowa. Su bango suka samu, ni malama na samu.