Hannun da Salifu Ya Ƙi Karɓa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaye a kara, kasuwar dabbobi, da safen nan, igiyar sa a hannuna, aka kira ni: Yaya Salifu ya rasu. Salifu na unguwar Guéma a nan Parakou, dillalin shanu, wanda kuka fi sani da Mai Sanda.

Ya dawo daga masallaci, ya ce wa matarsa kansa na sara, ya kishingiɗa. Shi ke nan.

Ban so yin rubutu yau ba, amma na fara ganin status ɗin wasu. Wani har ya sa hotonsa da takunkumi a fuska, ya rubuta wai "duk gudun mutuwa ga ta nan." Ka ji tsoron Allah, malam. Mutumin ko wanka ba a yi masa ba.

Ba ɗan'uwana ba ne na jini, amma Yaya nake ce masa. Shi ya shigar da ni kara, shi ya koya mini duba haƙorin sa. Lokacin da babana ke kwance, duk Juma'a sai ya aiko da hanta, ya ce a gasa wa tsoho. Bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba, ko ɗanwake ne sai ya nemo wanda zai sa hannu.

Wannan mutumin ne aka ce ya zama mai ƙyamar mutane.

Ga waɗanda ba su san harkarmu ba: a kara ciniki ba ya faɗawa da baki. Sai dillali ya kamo hannun mai saye ya haɗa da na mai dabba, a tafa, a ce an sallama. Da korona ta zo, Salifu ya ce shi kam ya daina. Ya rufe hanci da baki, ya riƙa miƙa sandarsa, kai ka kama can, shi ya kama nan, a ce Allah ya sa albarka. Wani Bafulatani ya ce masa, "Salifu, mu ma shanu muka koma?" Kara ta ɗauki dariya. Suka laƙaba masa Hannunka-mai-sanda, daga baya aka gajarta.

Wasu suka kwashe dabbobinsu suka kai wa wani dillali. Abokan shan shayinsa suka ce ya bi maganar Turawa ya bar tawakkali. Ni na tsaya a bayansa lokacin, yau ma nan nake tsaye. Wanda ya daina gaishe ni saboda haka, har yanzu ban yi kewarsa ba.

Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya ci masa rai a Djougou ya faru, a gidansu, kuma ina wurin.

Innarsu tsohuwa ce mai ciwon ƙirji, numfashi da ƙyar. Mun je duba ta, sai ga yayansa Alhaji Bukari ya dawo daga Kwatano, yana tari kamar zai amayar da hanjinsa. Ya shigo tsakar gida ya miƙo wa Salifu hannu. Salifu ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, amma hannuwansa na ƙirji. Da Alhaji ya nufi ɗakin Inna, sai ya tashi ya tsaya a ƙofar.

Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ka gaishe ta ta taga tukuna. Inna ba ta da ƙirjin ɗaukar tarin nan."

Alhaji ya ce, "Ni za ka hana ɗakin uwata? Ni na goya ka, Salifu."

"Kai ka goya ni, Yaya. Ita kuma ta goya mu mu biyu."

Alhaji ya dube shi, ya dubi hannunsa da aka bari a iska gaban mata da yara, ya juya ya fita.

Ban san ko korona ce tarin nan ba, ba a gwada ba. Shi ma Salifu bai sani ba. Abin da ya sani shi ne uwa ɗaya gare shi. Wanda ke ganin wannan tsoro ne, ya zo ya faɗa mini a fuskata, ba a comment ba.

Dangi suka rabu biyu. Aka cire shi daga group ɗin gida. Aka yi suna aka yi biki ba a gaya masa ba, shi kuwa sai ya aika da rago.

Cuta ta lafa, ya ajiye takunkumi, ya koma tafawa da kowa har da masu yi masa dariya. Inna ta ƙara shekaru kafin Allah ya karɓi abarsa. A wurin ta'aziyyarta na ga Salifu ya miƙa wa yayansa hannu biyu. Alhaji ya cusa nasa cikin riga ya ce, "Ina tari."

Ganina da shi na ƙarshe ranar kasuwar da ta wuce ne. Ya dawo daga Pélébina sayen shanu, muka zauna cin tsire. Ya ce ya biya ta ƙofar Alhaji a Djougou, aka ce masa yana barci, alhali yana jin muryarsa daga zaure. Yana ba ni labarin yana dariya. Na ce, "Yaya, ka bar wahalar da kanka haka nan." Ya ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafarsa ba ta gaji ba.

Sai ya ajiye tsinken ya ce, "Ban yi nadama ba, ko yau aka maimaita zan tsaya a ƙofar nan. Amma in na riga shi, ka gaya masa hannun da na ƙi karɓa shi nake so ya wanke ni."

Na ce ya daina wannan magana, ya ce in ci nama kada ya huce.

To Alhaji Bukari, na kira ka ba ka ɗaga ba. Na san 'ya'yanka suna karanta shafin nan, su karanta maka. Ba haƙuri na zo ba ka a madadinsa ba, domin bai yi laifi ba. Saƙo ne aka ba ni, na kuma isar.

Dattawan unguwa sun so a yi jana'iza da hantsi, na roƙi liman ya ba mu zuwa la'asar. Ƙaninka yana kwance a ɗakinsa a Guéma, an lulluɓe shi. Ruwa na nan a ajiye, babu wanda ya taɓa shi.

Allah ya jiƙan Salifu, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da Innarsa a Aljanna, ya ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a. Ku haɗa da Alhaji Bukari, Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya kawo shi Parakou lafiya kafin la'asar.