Bawul ɗin da ke kan takarda kawai

Na ɗora yatsa kan zanen, na bi bututu daga tukunyar tururi har inda aka zana bawul mai sakin tururi idan ya yi yawa. Na ɗaga kai na dubi tukunyar kanta. Babu bawul, an toshe wurin da walda.

Ƙaramar masana'antar sabulu ce a hanyar Mai'adua. Mai ita ɗan abokina ne, ya ɗauko ni in sa hannu cewa zane da aiki sun dace. Abin da na karanta ke nan kafin a manta da irinmu.

Na ce, "Alhaji, ina bawul ɗin nan?"

Ya yi dariya. "Haba Baba, yoyo yake muka cire. Ai masu dubawa takarda suke kallo."

"To Malam Idi mai hura wuta da ke wuni gaban tukunyar nan, shi ma a takarda yake?"

Ya ce tsufa ya sa mini tsoro. Na miƙa masa bironsa.

Jiya na ji wani injiniya ya sa hannun, ko wurin bai taka ba. Malam Idi yana can yana hura wuta.

Ku gaya mini, wa zan kai wa ƙara ya saurare ni?